Taken da Aka Hana Kwanciya

Jiya da hantsi ina zaune bakin shagona na ɗinki a Sabon Garin Maraɗi, ina ɗiga wa keke mai, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya sayen esansi, wato man fetur, na kwalba wurin maƙwabcina. Ya bar wayarsa tana ta ɓaɓatu cikin aljihu. Kiɗan nan ne dai. An lulluɓe shi da fiyano, an ɗora masa muryar wani yaro da na'ura ta matse har ta koma ta sauro, yana rantsuwa wai zai mutu in wata ba ta ɗauki wayarsa ba. Amma ko cikin buhu aka ƙunshe kiɗan nan aka jefa rijiya, ni na san shi. Taken ubana ne.

Ku yi haƙuri da ni, yau raina a ɓace yake, kuma ba ni da niyyar ɓoyewa. Na gaji da a ce mini in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Masu faɗin haka ba ubansu ake kira ba.

A Tsibiri aka haife mu, cikin gidan ƙasa mai rumbuna a tsakar gida da bishiyar bedi a ƙofa. Yaya ne babba, shi kaɗai ne namiji, ni ce auta, waɗanda ke tsakaninmu ba su zauna ba. Baba manomi ne, ba irin manoman yanzu masu noma ta waya daga cikin inuwa ba. In ya shafa mini kai, gashina har maƙalewa yake a kantar hannunsa. Ba shi da yawan magana a gida. Inna kan ce duk maganarsa ya ba gona, mu sai ragowa muke samu.

Na fi tuna lokacin da gero ya kai gwiwa, ciyawa ta taso masa, aka shiga kiran gayya. Tun da sanyin safiya gidan da ke da gayya yake cika da ƙarar turmi, ƙanshin citta da kanumfari na tashi daga fura. Ƙasar gona tana da laushi, rairayi mai sanyi yana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Nakan bi bayan Inna ɗauke da ƙaramar ƙwarya rufe da faifai, tana ce mini in na zubar ni za a dama. Tun kafin mu hango mutane muke jin ganga.

Mai gangar wani tsoho ne daga wata ƴar ruga a hayin gulbi. Baba Makaɗi muke ce masa, babba da yaro. Mutanensu na cikin waɗanda ba su saki al'adar kakanni ba, malaman unguwa kan yi gunaguni a kansu, amma ranar gayya kowa shi yake aika wa goro. Gangarsa babba ce, ya rataya ta a kafaɗa har ta karkatar masa da tafiya, ko ba ya ɗauke da ita a karkace yake zuwa.

To bari in gaya muku mene ne take, don na lura yanzu har masu furfura sun fara mantawa. Take ba waƙa ba ce da kowa zai ɗauka ya rera. Kira ne. Makaɗi yakan yi damina da damina yana kallon mutum a gona, yana ganin wa ke fara kunya, wa ke ƙarasa ta, wa ke fakewa da gyaran ƙota. In ya gamsu, sai ya ƙaga wa mutum bugunsa shi kaɗai, wanda gangar ke faɗin laƙabinsa a ciki. Daga ranar ba a buga shi don kowa sai shi. Kuma in an buga, dole mai shi ya amsa: ya ɗaga hauya sama, ya ce “Ga ni,” ya shiga gaban kowa. A kira ka ka yi shiru, wannan abin kunya ne da har jikoki za a goranta wa. Laƙabin da gangar ke kiran Baba da shi ba zan rubuta shi nan ba. Ya sha wulaƙanci ya isa.

Na sha ganin Baba yana amsawa. Mutumin da a gida sai ka kasa kunne kake jin abin da ya ce, a gona in Baba Makaɗi ya juyo masa da ganga sai ka ga jijiyoyin wuyansa sun tashi. Ya ce “Ga ni” har tsuntsaye su tashi daga kan gawo. Sai ƙura kawai kake gani a bayansa, samari na haki suna bin sawu. Inna tana gefen gona tana dama fura kamar ba ta san ana yi ba, don kunya ba ta barin mace ta kalli mijinta a cikin mutane. Amma ni da ke kusa da ita ina ganin ludayin ya tsaya cak a hannunta har sai ya kai ƙarshen kunya.

A ƙarƙashin gawon nan kuma akwai wani wanda kullum yana zaune. Ɗan maƙwabtanmu ne, sa'an Yaya, raggo na buga misali. In aka ba shi hauya cikinsa ke ciwo, in aka sauke fura ya warke. Aikinsa ke nan ya kife gwangwani yana kwaikwayon bugun Baba Makaɗi da ƴan yatsu. Gaskiya ɗaya ce, Allah ya ba shi kunne, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Baba kan dube shi ya ce, “Kai dai hauya ba ta yi maka laihin komi ba, amma ka ɗaura gaba da ita.” A yi dariya, shi ma ya yi. Inna ce ke cika masa ludayi don uwarsa ƙawarta ce. Ku riƙe wannan yaron a ranku, ɗan hakin da ka raina ne.

Ina ƴar ajin farko a lakwal, makarantar boko, Baba ya rasu. Bayan an gama ɗaurin dammuna ne, ya kwanta kwana kaɗan, shi ke nan. Ba rasuwar ce na fi tunawa ba, don an kai ni gidan gwaggo. Abin da ya zauna mini shi ne safiyar da Baba Makaɗi ya zo bayan an yi sadakar arba'in. Ya tsaya a ƙofar zaure shi kaɗai, ba ƴan amshi, ba taro. Inna ta fito ta tsaya daga ciki, bayan asabari, ni ina riƙe da gefen zanenta. Ya buga taken Baba a hankali, sau ɗaya. Ya tsaya yana jira kamar yadda yake jira a gona. Gidan ya yi tsit, har awaki sun yi shiru.

Inna ta ce, “Ba shi nan.”

Sai tsohon ya sassauta igiyar ganga, ya ce, “Ya kwanta ke nan. Sai ran da ɗanai ya tashe shi.” Ya juya ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Wannan shi ake kira kwantar da take. Mai shi ya tafi, kira kuma ba a barinsa ba amsa, to matarsa ce ke amsawa a madadinsa, ta gaya wa ganga gaskiya. Tsofaffi na cewa in aka yi ta kiran mamaci ba wanda ya ce ba shi nan, ba ya samun natsuwa inda yake. Malamai sun ce mamaci ba ruwansa da ganga, ni kuma ban isa in yi musu da malamai ba. Na dai san Inna ta yarda da haka har cikin ƙashinta. Kuma maganar nan sau ɗaya mace ke faɗinta a rayuwarta. Sau ɗaya tak, ta shiga ɗaki ta yi kukanta, a wuce wurin. Daga nan taken na kwance, ba mai taɓa shi, sai in ɗan marigayi ya yi noman da makaɗi ya gamsu, ranar a buga masa, ya ce “Ga ni,” taken ya koma nasa.

Abin da ya riƙe Inna ke nan a shekarun da suka biyo. Yaya ko gashin baki bai gama fito masa ba ya gaji hauyar Baba. Na ga hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya yi kanta. Abokansa na tafiya cin rani su dawo da rediyo da agogo, shi yana kai taki gona da jaki. Bai taɓa cewa don take yake yi ba, Inna ma ba ta taɓa faɗi ba. Amma duk ranar gayya in Baba Makaɗi ya tsaya ya ɗan daɗe yana kallon Yaya, ranar Inna da fara'a take kwana.

Shi kuwa ɗan ƙarƙashin gawo ya shige Maraɗi. Muka ji yana wanke-wanke a wani situdiyo, muka ji ya fara waƙa, muka ji an sa shi a rediyo. Uwarsa ta zo tana murna, Inna ta taya ta. Lokacin ne faifan sidi ya shigo, kowane mai butiki ya fito da tele bakin ƙofar shagonsa don jan mutane, mawaƙa kuma suka gane waƙa ba ta tafiya sai an yi mata kilif, wato a ɗauke ta a hoto ana rawa.

Ina budurwa ƙarama muka shigo Maraɗi da Inna wata ranar kasuwa, cikin rani, ta kawo ƙuli-ƙuli za ta sayi zane. Muna ratsa layin masu kaset sai na ji bugun. Na ɗauka kunnena ne. Inna ta tsaya cak da kaya a kanta, har na bayanta ya yi karo da ita ya yi tsaki. Ta waiga hagu, ta waiga dama, tana neman ganga. Babu ganga. Wata tele ce kan tebur, yara sun kewaye ta. Sai ta faɗa a hankali, “Ba shi nan.”

Ni kuwa na kutsa na kalla, kuma har gobe ina jin haushin idona. Ga ɗan maƙwabtanmu cikin farar shadda da baƙin tabarau, ya saɓa sabuwar hauya dal wadda ba ta taɓa ganin ƙasa ba, yana karkaɗa ƙugu. A lambunan Jiratawa aka ɗauka, tsakiyar zogala da albasa, don nan kaɗai ke da kore da rani. Taken noman gero, a cikin fangalin albasa. Ƴanmata sun jeru a bayansa ɗauke da ƙore, daga yadda suke juyi ka san ba komi a ciki. An faka wata jar mota a kan shukar wani bawan Allah. Waƙar kuma ta soyayya ce, yana kiran wata ta fito su gaisa. Ya ɗauki bugun da ke kiran ubana gona, ya mai da shi na kiran budurwa zance.

Da baƙo ne ya yi, wallahi da na ce rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Amma wannan ya sani. Yana zaune gindin gawo aka yi ta buga shi a gabansa. Gidansu katanga ɗaya da namu, yana ji safiyar da aka kwantar da shi. Furar Inna ce a cikin jinin jikinsa. Kafin mu kai tasha ranar mun wuce tele nawa ban ƙirga ba, kowace da kilif ɗin nan, kowace kuma sai Inna ta amsa mata. Ba ta sayi zanen ba.

Da labari ya kai wa Baba Makaɗi, ya shirya ya tafi Maraɗi da kansa, tsoho da bai son hayaniyar birni. Da la'asar ya dawo ya zauna a zaurenmu, ya ba Inna labari ta bayan asabari. Ya ce yaron ya karɓe shi da mutunci, ya durƙusa har ƙasa, ya sa an kawo masa lemo mai sanyi. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, sai ya yi murmushi ya ce, “Baba, ai raya al'ada nike. Kiɗi ba shi da mai shi, na kowa ne.” Har ya yi masa tayin ya zo da gangarsa da layunsa a sa shi cikin kilif na gaba, ya tsaya a baya a riƙa haska shi. Tsohon ya ce, “Na ce mai ni ba kayan ado ba ne. Lemon ma ban sha ba.” Inna ta tura masa ƙwaryar ruwa.

Abin da ya biyo baya kuwa, ku da kuke garin nan kun gani da idonku, har wasunku sun taka. Kafin damina ta zagayo duk yaron da ya samu tabarau ya zama mawaƙi, kuma ba a zama mawaƙi sai da hauya a kafaɗa. Maƙera suka yi ciniki da mutanen da ba su san inda gonar ubansu take ba. Kowa ya ɗauki mai kamara ya nufi Jiratawa, har masu lambu suka fara korar su da sanda don tattake shuka. Wannan ya ɗauki bugun ya sa a waƙar amarya, wancan ya sa a ta ƴan ƙwallo, wani ya sa a tallar sabulu. Ba su ma san daga ganga ya fito ba, a wurin uban gidansu ɗan ƙarƙashin gawo suka ji, shi suke kwaikwayo har yadda yake lanƙwasa wuya. Aka yi wa abin suna rawar hauya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: Baba ya yi gumin, tsoho ya ƙaga bugun, raggo ya zama tauraro.

A daminar ce Baba Makaɗi ya aiko wa Inna cewa lokaci ya yi. Ya ce Yaya ya isa tun bara, jinkirin nasa ne, kuma gara a tashi taken yanzu kafin su ƙarasa kashe shi. Aka sa ranar gayya a gonarmu. Inna ta daka furar da ban taɓa ganin ta daka irinta ba, ta ciro zanen saƙin da ta ninke tun rasuwar Baba ta ɗaura. A hanya ba ta ce mini in na zubar ni za a dama ba. Sauri kawai take, ina binta da gudu-gudu.

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi daɗin hauya, gero ya yi baƙi-ƙirin don kyau. Samari sun jeru, Yaya na tsakiya, ya riga ya ba su rata. Da rana ta ɗaga, Baba Makaɗi ya tsaya ya ɗaure igiyar ganga tamau, ya matso kusa da Yaya, ya buga taken. Karo na farko ke nan da fatar ganga ta faɗe shi tun safiyar zaure. Yaya ya miƙe, ya juyo, ya fara ɗaga hauyar Baba.

Sai wani daga cikin samarin ya saɓa tasa hauyar a kafaɗa ya karkaɗa ƙugu. Na kusa da shi ya kama. Kafin ka ce kwabo rabin gayyar na rawar hauya, suna rera waƙar fito mu gaisa, ƴanmatan da suka kawo fura na tafi a bakin gona. Ba mugunta ba ce, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Abokan Yaya ne, sun zo taya shi aiki tsakani da Allah. Abin da jikinsu ya sani game da bugun nan ke nan, sun ɗauka tsoho ne ya koyi kiɗan zamani don ya faranta musu. Yaya na tsaye da hauya a sama, ya buɗe baki, sai wani ya ce, “Saura tabarau, angon albasa.” Aka fashe da dariya. Na ga hannunsa ya sauko a hankali.

Dattawan da ke wurin suka tsawatar, samari suka yi tsuru-tsuru, ba su ma gane laifinsu ba. Baba Makaɗi ya sake bugawa, ya jira. Yaya na kallon ƙasa. Ya sake bugawa, ya jira, har na ji kukan kurciya daga kan gawo. To kira ba a barinsa haka. Tsohon ya juya ya dubi gefen gona inda Inna take tsaye cikin zanen saƙinta, ludayi a hannu. Ɗanta na tsaye a gabanta, da ransa da lafiyarsa, da hauyar ubansa a hannu.

Ta ce, “Ba shi nan.”

Yaya ya ƙarasa kunyarsa. Ya noma gonar har kaka, ya ɗaure dammuna, ya cika wa Inna rumbu. Sannan ya jingine hauyar a bayan ɗaki ya shigo Maraɗi, ya kama ɗaukar esansi daga bakin iyaka a kan babur, jarkoki gaba da baya. Yana nan da ransa, da iyalinsa, ya yi gida. Ba ya zuwa biki. Baba Makaɗi kuwa bai sake zuwa gayya ba, ya ce idonsa ya daina gane manomi. Da ya rasu na je gaisuwa na tarar da gangar rataye a rumfa, ɓera ya cinye fatar gefe ɗaya.

Aure ya kawo ni Sabon Gari, da idon Inna ya fara hazo na ɗauko ta ta dawo wurina. Na ɗauka na yi mata gata, ashe tsakiyar abin na kawo ta. A ƙauye sai ranar biki take ji. A nan kuwa mai shayi na sa shi, mai cajin waya na sa shi, kabu-kabu na wucewa da shi daga safe har magariba, don har yau yaran situdiyo ba su gaji da bugun ba, kowace shekara sai an sake masa riga. Tana zaune kan tabarma tana jan casbi, sai ka ji tsakanin tasbihi da tasbihi ta saka tata maganar a hankali, ta ci gaba. Maganar da ake faɗi sau ɗaya a rayuwa. Wata rana na kasa haƙuri na ce, “Inna, don Allah ki bari. Wannan ba ganga ba ce, na'ura ce.”

Ta ce, “Na'urar ta san ba shi nan?”

Shi kuwa gogan naku yanzu ya yi furfura a gemu, ya yi tumbi, ana kiransa uban mawaƙa. Ana gayyatarsa tele ya zauna ya harɗe ƙafa yana bayanin yadda ya ceto kiɗan gargajiya daga mutuwa, yara na layi suna durƙusa masa. Na taɓa haɗuwa da shi a wani biki. Ya gane ni, ya washe baki, ya ce, “A'a, ƙanwata, ina Inna?” Na ce, “Tana nan, tana amsa maka kira.” Ya yi dariya ya ce a gaishe ta. Ko bai gane ba ne, ko ya gane ya shanye, shi da Allahnsa.

Ban ankara ba abin ya shigo mini ɗaki. Ɗana na fari, wanda na sha wahala na kai lakwal, shi ma ya ce waƙa zai yi. Wata rana ya shigo da murna, ya durƙusa gaban kakarsa ya ce ya yi kilif ɗinsa na farko, ita zai fara sa wa albarka. Ya kunna waya. Bugun ne. Ga shi nan da tabarau da hauyar aro a kafaɗa, a cikin zogalar Jiratawa. Inna ta faɗi abin da ta saba faɗi. Ya dube ni yana dariya ya ce, “Mama, wa ne ne ba shi nan? Kullum sai ta ce haka.”

Na zaunar da shi na ba shi labarin nan da nake ba ku, da muryar da ta fi wannan zafi. Yaron ba shi da mugun hali, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce bai sani ba, kowa shi yake sawa, a situdiyo ma a ajiye yake cikin na'ura, danna shi kawai ake. Can ya ce, “To Kaka, ni in amsa mana. Ai jikansa nike.” Inna ta ce ya miƙo hannu. Ta kama tafinsa ta shafa da babban yatsa, ta juya ta shafa ɗayan, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta mayar masa da hannunsa kan cinyarsa, ta ɗan bubbuga.

Ta ce, “Allah shi yi maka albarka. Ba da baki ake amsawa ba.”

Ya so ya goge kilif ɗin, amma ya riga ya bazu a wayoyin mutane, kuma ko ya goge nasa na wasu fa? Abin da ya iya shi ne ya daina kunnawa a gida. Gonar ma da zai koyi amsawa a ciki yanzu rabinta an yanka filaye, gawon an sare, kuma ko ya yi noman ba sauran makaɗin da zai tsaya ya kalle shi.

Bara da damina Inna ta rasu. Muna zaman makoki a ƙofar gida, mata daga ciki, maza a rumfa, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya sauke fasinja, waƙa na tashi a wayarsa. Bugun ya shigo har tsakar gida. Na samu kaina ina jiran muryarta daga kan tabarma. Ta ƙofa ina hango Yaya, ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa. Ba wanda ya ce komi, kiran na ta maimaituwa. Ni da na yi shekaru ina ce mata ta bari, ni da na san na'ura ce, sai na ji bakina ya faɗa.

Haka jiya ma. Ɗan kabu-kabun ya juyo da kwalbar esansi a hannu ya ce, “Hajiya, da ni kike?” Na ce ba da shi nake ba, ya hau babur ya tafi da kiɗansa. Yanzu garin nan kowa na da kiɗa a aljihu, ba wanda ke da take. Ana ta kiran ubana a kasuwa da tasha da gidan biki, ana rawa, ni kaɗai na rage da na san kira ne. Ni ba matarsa ba ce, ba ni al'ada ta ɗora wa ba, amma ba zan bari a yi ta kiransa ba amsa ba. Abin da ke hana ni sukuni ɗaya ne: ranar da ni ma na kwanta dama, ban san wa zai gaya musu ba shi nan.